Bututu na Tarayya, Ƙasa ta Jiha: Tarihin Rabon Iko Kan Lafiyar Ma'aikatan Mai da Yadda Ya Shafi Katsina

1. Gabatarwa

Duk man fetur da ake zuba wa mota a birnin Katsina a bayan tanka yake isowa garin. Bututun man da Gwamnatin Tarayya ta shimfiɗa a Arewa wajen ƙarshen shekarun 1970 ya kai Kano, ya kai Gusau, amma bai iso birnin Katsina ba, kuma ba a gina wa birnin daffo irin na waɗancan garuruwa ba. Saboda haka mai yiwuwa ne a ga kamar maganar lafiyar ma'aikatan bututun mai ba ta shafi Bakatsine ba. Alhali kuwa ta shafe shi ta fuska biyu. Ta farko, direbobin tanka da yaransu, da masu sauke mai a gidajen mai, duk ma'aikatan mai ne, kuma a bakin bututu aikinsu yake farawa. Ta biyu, an daɗe ana shirye-shiryen da in sun tabbata za su kawo bututu ƙasar Katsina ko maƙwabtanta na kusa.

Abin da wannan lacca za ta nuna shi ne, tarihin mulkin Nijeriya ya damƙa bututu da ma'aikacinsa a hannun Gwamnatin Tarayya, sa'an nan ya bar ƙasar da bututun yake kwance a cikinta, da tsara gine-gine, da mafi yawan aikin kashe gobara da jiyya, a hannun jiha. A tsakanin waɗannan hannuwa biyu ne ran ma'aikaci yakan salwanta. Za a bi diddigin yadda aka yi wannan rabo, da abin da ya haifar, da kuma abin da ya rage wa Katsina ta yi tun bututu bai iso ba.

2. Kafin Zuwan Bututu

Kafin Turawa su shigo Katsina cikin 1903, kowace sana'a mai haɗari tana da shugabanta wanda sarki ya naɗa, kamar Sarkin Maƙera da Sarkin Magina da Sarkin Fawa. Idan gini ya faɗo wa lebura, ko wuta ta ci yaron maƙeri, an san ƙofar da za a nufa. In magana ta fi ƙarfin shugaban sana'a sai ta tafi gaban alƙali, wanda yake da littattafan fiƙihun Malikiyya da suka yi bayanin ijara da lamuni da diyya. Ba a ce wancan tsari ba shi da aibi ba, amma yana da siffa guda mai amfani, wato mai iko da ma'aikaci suna zaune gari ɗaya, kuma kowa ya san kowa.

Mulkin Turawa ne ya fara raba ikon gida biyu. Aka bar wa En'e sha'anin gari, wato haraji da kasuwa da shari'a da 'yan doka, gwamnatin tsakiya kuma ta riƙe jirgin ƙasa da ma'adinai. Illar wannan rabo ta bayyana a fili lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa kwasar mutane daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza a ƙasar Jos bisa tilas, abin da jama'a suka kira ɗiban gwamna. Hakimai da dagatai ne suke tara mutanen, kamfanonin kuza ne suke sa su aiki, gwamnatin tsakiya kuma ita ce mai dokar ma'adinai. Da sanyi da ƙarancin abinci da cuta suka riƙa kashe leburori, sai ya zama wanda ya ɗebe su ba shi da iko a kan inda suke aiki, wanda yake da ikon kuwa bai san iyayensu ba. A wannan zamani ne aka kafa dokar biyan diyyar ma'aikata ta 1941, aka kuma buɗe Ma'aikatar Ƙwadago cikin 1942.

3. Yadda Tsarin Mulki Ya Raba Iko

Cikin 1954 Nijeriya ta zama tarayya, kuma daga nan dokoki suka fara bin juna. Cikin 1955 aka yi dokar masana'antu, wadda ta tanadi sufetoci masu zagayawa suna duba injuna da tsabta da hanyoyin tsira daga gobara. Cikin 1956, shekarar da aka sami mai a Oloibiri, aka yi dokar bututun mai. Ita ce ta ba minista ikon bayar da izinin awon hanyar bututu da lasisin shimfiɗa shi, ta kuma ba da damar a hana gini ko haƙa a gefensa, har tazarar da ba ta wuce ƙafa 100 ba. Cikin 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, dokar man fetur ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk man da yake cikin ƙasar Nijeriya.

Abin lura a nan shi ne, a tsarin mulkin 1960 da na 1963 mai da ma'adinai suna cikin jerin abubuwan da aka keɓe wa tarayya ita kaɗai, amma ƙwadago yana cikin jerin haɗin gwiwa. Wato Gwamnatin Jihar Arewa da ke Kaduna tana da ikon yin doka a kan yanayin aiki da jin daɗin ma'aikata, muddin ba ta ci karo da ta Legas ba. Mulkin soja, wanda ya fara cikin 1966, shi ne ya riƙa janye iko zuwa tsakiya, har tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da abin a rubuce, ya mayar da ƙwadago cikin jerin tarayya. Haka tsarin mulkin 1999 ya gaje shi: abu na 34 a jerin ya ƙunshi ƙwadago da yanayin aiki da kare lafiyar ma'aikata, abu na 39 kuma ya ƙunshi mai da iskar gas. Har ila yau sashe na 4(5) ya ce duk inda dokar jiha ta saɓa wa ta tarayya, ta tarayya ce za ta yi rinjaye.

Da a ce maganar a nan ta tsaya, da ba a sami ruɗani ba. To amma cikin Maris 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa dokar mallakar ƙasa, wadda ta sanya dukkan filayen kowace jiha a hannun gwamnanta. Gwamna ne mai bayar da takardar mallakar fili, kuma shi ne dokar ta ba ikon soke ta idan ana bukatar filin don shimfiɗa bututun mai. Bugu da ƙari, cikin 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya cewa tsara birane da bayar da izinin gini haƙƙin jihohi ne. Sai aka wayi gari ƙarfen bututu da mutumin da yake walda a kansa na tarayya ne, ƙasar da ke samansa da gidan da za a gina a gefensa kuwa na jiha.

A cikin gidan tarayyar ma ba baki ɗaya ake magana ba. Sufetocin masana'antu suna ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago, masu duba harkar mai kuma suna nasu ɓangaren. Daga 1977, lokacin da aka kafa kamfanin NNPC, har zuwa 1988, sashen da yake duba harkar mai a cikin kamfanin nan yake, wato mai duba da wanda ake dubawa suna cin tuwo kwano ɗaya. Cikin 1988 aka fitar da sashen aka mayar da shi ma'aikatar mai, inda aka san shi da DPR. Cikin 2006 aka kafa hukumar NOSDRA don kula da malalar mai. Cikin Agusta 2021 sabuwar dokar masana'antar mai ta rushe DPR, ta kafa hukumomi biyu a madadinta, NUPRC mai kula da haƙo mai, da NMDPRA mai kula da matatu da bututu da daffo da gidajen mai.

Kwatanta dokoki biyu zai nuna abin da hukuma ta fi ba muhimmanci. Dokar soja ta 1975 ta tanadi hukuncin kisa, ko ɗaurin da bai wuce shekara 21 ba, ga wanda ya yi wa harkar rarraba mai zagon ƙasa. Dokar masana'antu ta 1987 kuwa ta tanadi tarar da ba ta wuce naira 5,000 ba, ko ɗaurin shekara 2, ga mai masana'antar da karya dokarsa ya jawo mutuwar ma'aikaci. A ma'aunin doka, ke nan, ƙarfe ya fi mai riƙe da shi tsada.

4. Bututu a Arewa da Matsayin Katsina

An buɗe matatar mai ta Kaduna cikin 1980, ana turo mata ɗanyen mai ta bututu daga gaɓar teku ta wajen Warri. Daga Kaduna wani bututu ya bi ta Zariya ya nufi Kano, reshensa ya nufi Gusau, wani kuma ya bi ta Jos da Gombe zuwa Maiduguri. Cikin 1988 aka kafa kamfanin PPMC a ƙarƙashin NNPC don ya riƙa gudanar da waɗannan bututu, waɗanda tsawonsu a ƙasa baki ɗaya ya kai kimanin kilomita 5,000.

A lokacin da aka zana wannan taswira Katsina ba hedkwatar jiha ba ce. Tana cikin Jihar Arewa ta Tsakiya tun 1967, wadda aka sake wa suna Jihar Kaduna cikin 1976, kuma sai ranar 23 ga Satumba 1987 gwamnatin Janar Babangida ta ƙirƙiro Jihar Katsina. Saboda haka birnin ya dogara da tankoki, mafi kusa daga daffon Hotoro a Kano, tafiyar kimanin kilomita 170. Babban abin da Katsina ta samu na manyan ayyukan tarayya a wancan zamani shi ne kamfanin mulmula ƙarafa da aka buɗe cikin 1982. A nan ma tsarin bai sake ba: masana'anta ta tarayya, sufeto na tarayya, amma ma'aikatan 'yan gari ne, kuma wanda ya ji rauni dangi ne suke jiyyarsa.

Da fasa bututu ya yawaita, matatar Kaduna kuma ta riƙa tsayawa na tsawon lokaci, sai tankoki suka koma ɗauko mai daga Legas da Warri da Fatakwal, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Tanka ta zama bututu mai taya. Direbanta ɗan ƙungiyar NUPENG ne, lasisin jigilar man daga hukumar tarayya yake, a kan babbar hanya jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa cikin 1988, suke tare shi, in ya shigo gari kuma ya haɗu da jami'an duba motoci na jiha da na KASSAROTA. Kowa yana da ikon tsayar da shi ya nemi takarda. Yaron motar da yake hawa bisa tanka ya buɗe murfi, ba takalmin aiki, ba safar hannu, shi ne wanda sau da yawa sunansa ba ya cikin littafin kowa. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata biyan kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi ga asusun NSITF, amma wanda aka ɗauka da baki, ake biyansa a hannu, da wuya magadansa su iya tabbatar da cewa ya taɓa yin aikin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

5. Abin da Rabon Ya Haifar

Manyan gobarar bututu a Kudu suka auku, amma darasinsu na kowa ne. Cikin Oktoba 1998 wuta ta tashi a bututun da ya ratsa Jesse a Jihar Delta, ta kashe mutane fiye da 1,000. Ranar 26 ga Disamba 2006 wata ta tashi a Abule Egba cikin Legas, mutane fiye da 200 suka mutu. Ranar 15 ga Mayu 2008, a unguwar Ijegun ta Legas, motar aikin hanya ce ta soki bututu, mai ya kwarara cikin unguwa ya kama wuta, ya ci gidaje da rayuka, har da na 'yan makaranta. Wannan na Ijegun shi ya fi fito da matsalar fili, domin ba ɓarawo ne ya jawo shi ba. Ma'aikaci ne yake bakin aikinsa a saman ƙasa, ƙarƙashinsa kuma akwai bututun wata hukuma, gidaje sun riga sun matso har bakin hanyar bututun. Cikin Satumba 2012 kuma masu fasa bututu suka kashe ma'aikatan NNPC uku da suka je gyara a Arepo ta Jihar Ogun. A nan tsaro ne ya gaza, alhali ana kiran gwamna babban jami'in tsaron jiha, 'yan sanda kuwa daga Abuja suke karɓar umarni.

A Arewa tanka ce take yin irin wannan ɓarna. Ranar 15 ga Oktoba 2024 wata ta kife a garin Majiya na Jihar Jigawa, jama'a suka taru ɗibar mai, wuta ta kashe fiye da 150. Ranar 18 ga Janairu 2025 irin haka ta faru a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, fiye da 80 suka rasu. A irin waɗannan wurare abu ɗaya ne yake maimaituwa. Izinin aiki daga nesa yake zuwa, amma idan wuta ta tashi, 'yan kwana-kwana da asibitocin da suke kusa ne suke fara ɗaukar nauyi, kuma gwamnan jiha ne yake zuwa jana'iza. Wutar fetur kuwa ba a kashe ta da ruwa zalla, domin fetur yana tasowa bisa ruwa ya bi shi ya bazu. Sai da kumfa ta musamman, wadda tanadinta yake bukatar kuɗi da horo.

Wasu jihohi sun yi yunƙurin cike giɓin. Cikin 2011 Jihar Legas ta kafa hukumar kiyaye lafiya a wuraren aiki da wuraren taruwar jama'a. Amma irin wannan hukuma tana tafiya ne tana waiwayen sashe na 4(5). Mayar da ƙwadago cikin jerin haɗin gwiwa kuma ba abu ne mai sauƙi ba, domin ƙungiyoyin ƙwadago suna tsoron gwamnoni za su yi amfani da damar su karya mafi ƙarancin albashi. Cikin Maris 2021 sun yi zanga-zanga a Majalisar Tarayya a kan wani ƙuduri mai kama da haka. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 ya ba jihohi hannu a jirgin ƙasa da wutar lantarki da gidajen yari, amma bai taɓa ƙwadago ba.

6. Yadda Wasu Ƙasashe Suka Yi

Amurka ma tarayya ce, kuma ta yi fama da wannan tambaya. Ta yi dokar kiyaye bututun iskar gas cikin 1968, da ta bututun mai cikin 1979, duka a ƙarƙashin Ma'aikatar Sufuri. Cikin 1970 ta yi dokar kare lafiyar ma'aikata, wadda ta haifi hukumar OSHA. Dokar ta 1970 ta yi abu biyu. Na ɗaya, ta ce OSHA za ta janye daga duk yanayin aikin da wata hukumar tarayya ta riga ta shimfiɗa wa ƙa'ida. Na biyu, ta yarda kowace jiha ta gudanar da nata shiri, bisa sharaɗin kada ya gaza na tarayya inganci, tarayya kuma ta biya har rabin kuɗin. Jihohi fiye da 20 suka karɓi wannan dama, har da Alaska, inda aka buɗe bututu mai tsawon kimanin kilomita 1,300 cikin 1977. Wannan bai kawar da jayayya ba, domin kamfanoni sukan kafa hujja da ikon wata hukuma don su kuɓuce wa tarar wata. Amma ana da rubutacciyar ƙa'ida da kotu za ta duba ta ce wane ne mai alhakin.

Ingila kuma ta koyi nata darasi da tsada. Ranar 6 ga Yuli 1988 dandalin haƙar mai na Piper Alpha ya kama wuta a Tekun Arewa, ma'aikata 167 suka mutu. Binciken Lord Cullen, wanda ya fito cikin 1990, ya ba da shawarar a karɓe duba lafiyar ma'aikatan teku daga Ma'aikatar Makamashi, wadda take da ruwa da tsaki a yawan man da ake haƙowa, a miƙa shi ga hukumar lafiyar ma'aikata. Cikin 1991 aka yi hakan. Wato wanda yake ƙirga ganga bai kamata ya zama shi ne mai ikon cewa a tsayar da famfo ba.

7. Kammalawa

Cikin Yuli 2018 Nijeriya da Nijar suka sa hannu a Abuja a kan yarjejeniyar shimfiɗo bututun ɗanyen mai daga Nijar da gina matata a Jihar Katsina, aka ambaci Mashi a matsayin mazauninta. Shirin bai tabbata ba, Nijar ta bi ta Jamhuriyar Benin da bututu mai kusan kilomita 2,000, wanda ya fara fitar da mai cikin 2024. Amma ranar 30 ga Yuni 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614. An tsara shi ne ya zama wani ɓangare na babban bututun da zai ratsa Sahara zuwa Aljeriya, wanda ƙasashen uku suka sa wa hannu cikin 2009, suka sabunta cikin 2022. Ƙasar da ke tsakanin Kano da iyakar Nijar kuwa ta Jihar Katsina ce da ta Jihar Jigawa.

Rashin bututu a shekarun 1970 hasara ce ga Katsina, amma ya bar mata abin da Legas ba ta samu ba, wato lokaci. Tarihin da aka bi ya nuna cewa jiha ba ta bukatar jiran gyaran tsarin mulki kafin ta yi abin da yake hannunta. Gwamna yana da ikon hana bayar da fili a kan hanyar bututu, hukumar tsara birane tana da ikon hana gini da haƙa a gefenta, jiha tana iya tanadar wa 'yan kwana-kwana kumfa da horo, da shirya ɗakin jiyyar ƙuna tare da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke birnin. Tana iya neman rubutacciyar yarjejeniya da NMDPRA da Ma'aikatar Ƙwadago, wadda za ta fayyace wanda zai duba, da wanda za a kira, da wanda zai biya diyya, ta kuma wajabta rubuta sunan kowane lebura da ɗan kwangila ya ɗauka. Hakimai da dagatai da masu unguwanni, waɗanda a zamanin ɗiban gwamna aka sa su tara mutane ba tare da an ba su ta cewa ba, su ne suka san gona da burtali da rijiyar da bututu zai ratsa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Majiya ba ta da nisa da Katsina. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, sai ya shafa wa nasa ruwa.